Kitson da Bai Ɗauki Azurfa Ba

A rugar su Sajo, can bayan Ɗanzomo, ba a hirar gashi a tashi ba a ambaci Inna Asama'u ba. Ta haura hamsin, amma in ta tsefe kai, gashin sai ya wuce kafaɗa. Furfura ta zo mata da wuri, ba ta kuma taɓa jin kunyarta ba. Lalle take kwaɓawa ta shafa, farin ya koma ja kamar garwashi. Duk Juma'a da hantsi takan zauna a gindin aduwa, 'yarta Tayyiba ta wanke mata kai da karkashi, ta bi shi da man shanu tun daga tushe, sannan ta kitse. Warin man nan shi ne warin gidansu. A cikinsa aka goyi Sajo, a cikinsa ya girma.

Tana da sulalla bakwai na azurfa, kowanne da huda, ƙulle cikin tsumma a ƙasan babbar ƙwaryar jerenta. Na kakarta ne. A danginsu, ranar da za a kawo wa ɗa amarya, uwar ango ake kitsa wa su a gashi. Sai ta zauna cikin mata ba kallabi, duk wadda ta shigo ta ga kan, ba sai ta tambayi wace ce ta haifi angon ba. Sau biyu Inna ta ɗaura su, a bikin yayyen Sajo tagwaye. Saura na uku, na autan mazanta.

Sajo ne kaɗai ya yi boko a gidan. Ya gama sakandare a Gumel, takardar ba ta kai shi ko'ina ba, ya koma acaɓa a Maigatari yana kwasar 'yan kasuwa daga tasha zuwa bakin iyaka. Ba shi da yawan magana. A Gumel ɗin ya ga Ummulkhair, 'yar wani ɗan kasuwa mai kai atamfa Nijar, aka yi tambaya, aka sa rana.

Wata ranar kasuwa ya ɗauko Inna a bayan babur daga Ɗanzomo, ita da ƙwaryar nononta. Hanya duk rairayi, tana ta jingina goshi da bayansa. Da la'asar ya wuce Gumel zance bai sake riga ba. Ummulkhair ta fito, ta gaishe shi, ta ɗan ja hanci.

"Malam Sajo, yau 'yar nono ka ɗauko ne? Rigar nan taka sai ka ce da man shanu aka soya ta."

Ta yi dariyarta ta wuce wata maganar. Shi kuwa ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi.

"Wata tsohuwa ce na rage wa hanya," ya ce.

Tun daga ranar abin ya zauna masa a rai. Yana tuƙi yana hango matan Gumel sun sauko daga mota da leshi da turare, kowace da waya a hannu, sun sunkuya sun shiga bukkar Inna. Yana hango su suna ɗaukar hoton jan kan nan mai maiƙo, suna taɓa juna da gwiwar hannu. Babu wanda ya ce masa za a yi haka. Shi kaɗai ya kitsa abinsa, shi kaɗai ya warware.

Ran Alhamis, kasuwar Maigatari ta cika, ya tsaya gaban wani mai tebur da ke sayar da kayan shafe-shafe na ƙetaren iyaka. Kwali biyu aka miƙo masa, ɗaya man miƙar da gashi, ɗaya baƙin rini. A jikin kowanne akwai hoton mace, gashinta baƙi wuluk ya kwanta yana sheƙi.

"Ko tsohuwa ce ka sa mata wannan, sai an tambaya ko ita ce amaryar," in ji mai teburin.

Sajo ya juya kwalin. Rubutun duk Faransanci ne. Ya tsinci kalma biyu uku masu kama da Turancin da ya sani, sauran ko oho. Ga masu jin yaren nan birjik a kasuwar, direbobi da 'yan canji, amma ya kasa buɗe baki ya ce a karanta masa. Shi da ake kira ɗan boko. Ya cusa su a aljihu ya tayar da babur.

Inna tana gyaran ƙwarya ya ajiye mata su a kan tabarma. Ta dubi hoton, ta dube shi.

"Kaina ya yi maka wani abu ne, Sajo?"

"A'a, Inna. Kawai dai mutanen birni ne za su zo."

Ta sake duban kwalayen. Wani ɗan maraƙi ya yi kuka a garke.

"Ka karanta abin da ke jiki?"

"Na karanta."

"To. Tunda ka karanta."

Washegari Juma'a ce. A gindin aduwar aka zauna, amma ranar ba a jiƙa karkashi ba. Sajo ne ya tsaya a kai yana ba da umarni kamar malamin asibiti. Ya ce a wanke kan da garin sabulun wanki sau uku, don man shanun ya fita tas, maganin ya samu wurin kamawa. Tayyiba ta wanke har gashin yana ƙara a hannunta. Ta shafa farin man na kwalin farko. Ba a jima ba Inna ta fara motsa kafaɗa.

"Hamma Sajo, ta ce yana cizo," in ji Tayyiba, tana duban yayan nata.

"Aikinsa ke nan. A ƙara ba shi lokaci."

Aka ba shi lokaci, har inuwar aduwar ta janye daga kansu. Da aka wanke, bai bari kan ya huta ba, ya ce a ɗora rinin a gama gaba ɗaya.

Da gashin ya bushe, suka sunkuya suna dubawa. Bai yi baƙi ba, bai tsaya a ja ba. Wani launi ya yi kamar tsohuwar gansakuka a bakin randa. Ya bushe ƙayau, ya tashi buzu-buzu, in ka taɓa sai ka ji kamar harawa. Tayyiba ta sa mataji sau ɗaya, ta ciro shi cike. Ta ɓoye hannun a bayanta, amma Inna ta riga ta gani. Ta faɗi wata kalma ɗaya da Fulatanci, irin wadda take faɗa in saniya ta faɗi, ta jawo kallabi ta ɗaure kai tam.

Saura kwana arba'in biki.

A bayan tashar Maigatari akwai Zubaida mai shagon gyaran gashi, 'yar Damagaram ce da aure ya kawo ta. Sajo ya kai mata kwalayen da ɗan gashin a ƙulle a leda, ya ce aurensa ya kusa, kuma a kan nan za a ɗaura azurfa ranar biki. Ta murza gashin tsakanin yatsu ya karye, ta ɗauki kwalin tana karantawa, bakinta na motsi.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni."

"A kan wa?"

"Mahaifiyata."

Ta sauke kwalin. "Innalillahi. Ango, kai da hannunka? Zo ka gani. Nan an rubuta minti goma sha biyar, ba a wucewa. Nan an ce kada a sa a kan da aka yi wa lalle. Nan kuma, da manyan baƙi, an ce kada a haɗa shi da rini sai an yi mako biyu. Uku suka hana, ka haɗa ukun ka yi. Ni aji shida kawai na yi a lakwal, bokonmu na Nijar, da ka tako nan ai da na karanta maka kyauta."

Sajo ya dubi ƙasa. "Yana gyaruwa?"

"Wanda ya ƙone ya ƙone. Lallaɓa shi ake yi har sabo ya fito. Ka buɗe kunne. Mataji, a'a, da yatsa za a riƙa warware shi. Sabulu, a'a. Ruwa mai ɗumi kaɗan da karkashi, sau ɗaya a mako. Kafin ya gama bushewa a shafa mai, duk bayan kwana biyu a ƙara. A yi mata kalaba manya, sako-sako, kada a ja. A datse bakin da ya tsage. Kada ta zauna a rana, kada ta ɗora kaya a ka."

"Wane mai zan saya?"

"Da can me take shafawa?"

"Man shanu."

Zubaida ta tafa hannu ta yi wata dariya marar daɗi. "To me kake nema a shagona? Duk kwalaben nan da ka gani babu wanda ya kama ƙafarsa. Ka samo sabo, wanda ba a soya ba. In ka ga man kaɗe mai kyau ka haɗa. Amma ban ce maka zai ɗauki nauyi ba. Ka ji? Ban ce ba."

Bazara ce. Tagwaye sun yi kudu da shanu tun kaka, saniya biyu kawai aka bari a gida, ɗan nonon da suke bayarwa bai isa a kaɗa mai ba. Man da Inna take ajiyewa ya ƙare. Sajo ya shiga neman man shanu kamar mai neman maganin maciji. Yakan bar fasinja a tasha ya nufi Sule Tankarkar, ya bi rugage ɗaya bayan ɗaya, ana ce masa sai dai gaba. Ya je Gagarawa sau biyu a mako guda saboda wata tsohuwa da aka ce shanunta ba su tafi ba. In ya samu dunƙule biyu, sai ya sa a ɗan kwano da ruwa, ya naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ya rungume a cikin riga don kada rana ta narkar kafin ya isa. Duk da haka yana narkewa. Rigunansa duka suka ɗauka, har kujerar babur. Abokan acaɓa suka sa masa suna Mai-Nono.

Inna ta daina zuwa kasuwa, tunda an hana ta ɗora ƙwarya. Matar da ba ta iya wuni a zaune, ta koma zaman bukka. Duk bayan kwana biyu Tayyiba takan zaunar da ita, ta yayyafa ruwa, ta narkar da man a tafin hannu, ta bi gashin kaɗan-kaɗan kamar mai lallashin jariri. Duk abin da ya zube sai ta tattara ta tura ƙarƙashin tabarma kafin Inna ta waiwayo. Sajo yakan tsaya daga nesa yana goge babur da ya riga ya goge.

Ba ta taɓa ce masa komai ba. Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. In ya kawo man sai ta karɓa ta ce, "Sannu da hanya. Ka ci abinci?" Shi ke nan.

A mako na uku gashin ya ɗan yi laushi. Buzu-buzun ya kwanta, ƙayau ɗin ya ragu. Tayyiba ta kira Sajo da murna, ta nuna masa tushen: sabon gashi ya fara fitowa, fari tas, bai fi tsawon farce ba. Ranar har ya yi wasa da yara a bakin rijiya.

Ana saura kwana goma ya biya Gumel da kwanon man a cikin riga. Ummulkhair ta fito, ta ja hanci kamar wancan karon.

"Yau ma tsohuwar ce?"

"Ba wata tsohuwa ba ce, Ummu. Inna ce. Wancan karon ma ita ce."

Ya gaya mata komai, a taƙaice, idonsa na kan tayar babur. Ta saurara har ya gama, hannunta a baki.

"Don maganar da na yi? Wallahi ni na ma manta na yi ta. Tsokana ce fa, Malam Sajo. Kakata ta wajen uwa har ta rasu man shanu take shafawa, a cinyarta nake kwana. Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Ta shiga gida ta fito da wani ɗankwali mai santsi, ta ce a ba Inna ta riƙa ɗaurawa, ba ya cin gashi. A hanyar komawa ya tsaya a gefen titi ya kashe babur, ya zauna a kai ya daɗe, manyan motoci na wuce shi suna hon.

Ranar biki ta zo. An ce da la'asar motocin amarya za su taso daga Gumel. Tun da hantsi ruga ta cika da dangi, tagwaye sun dawo, ana ta girki a bayan bukkoki. Inna ta sa aka kai tabarma gindin aduwa, aka kewaye da zana. Ta kwance tsumman da kanta, ta zuba sulallan a faranti. Ta goge su da toka tun jiya, suna ta walƙiya.

Sajo yana tsaye a bayan zanar da sabuwar shadda, yana leƙe ta wata kafa.

Tayyiba ta tsefe kalabar da yatsu, ta shafa mai, ta fara kitso a hankali, tana yi tana bismilla. Kitson ya zauna. Bai kai na da kauri ba, launin ma ba daɗin gani, amma ya zauna. Ta zura zare a sulai na farko ta ɗaure a jelar dama. Ya tsaya. Ta ɗaura na biyu a hagu. Ya tsaya.

"Inna, ya riƙe," ta ce.

Ta ɗaura na uku. Wata gwaggo ta yi sallama daga bakin zana, Inna ta juya kai don ta amsa. Juyawar ke nan. Jelar dama ta tsinke daga can sama, daidai inda tsohon gashi ya haɗu da sabon fari, ta faɗo da sulanta a bakin faranti. Ƙarar ba ta da yawa, amma Sajo ya ji ta har cikin haƙoransa.

Inna ta kai hannu ta shafa wurin. Ta kama jelar hagu ta ɗan ja, ba da ƙarfi ba. Ita ma ta biyo hannunta.

"Kawo almakashi, Tayyiba."

"Inna, a bar sauran, a ɗaura ko guda biyu ne—"

"Bakwai ake ɗaurawa. Kawo."

Tayyiba tana yanka tana share hawaye da kafaɗa. Ba a daɗe ba aka gama. Abin da ya rage a kan Inna ɗan farin gashi ne, gajere, kamar na jinjiri. Ta tattara wanda aka yanke a faifai, har da na ƙarƙashin tabarma da ta ce Tayyiba ta fito da shi, don ta san da shi. Sannan ta ɗaga murya kaɗan.

"Sajo, na ga ƙafarka. Shigo."

Ya shigo ya durƙusa, shaddar na jan ƙasa.

"Ungo. Je ka bayan garke ka haƙa rami ka binne. Ka zurfafa, kada kaji su tono."

Ya karɓi faifan. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

"Inna, ban karanta ba. Ban iya yaren ba. Ƙarya na yi miki."

"Na sani."

Ya ɗago kai.

"Tun ranar na sani. Na ga yadda kake juya kwalin. In ka iya abu ba haka kake riƙe shi ba."

"To me ya sa kika yarda?"

Ta ɗauki ɗankwalin da Ummulkhair ta aiko, ta warware shi a cinya.

"Ka ce mutanen birni ne za su zo. Na dubi fuskarka lokacin da ka faɗa." Ta ɗora ɗankwalin a ka, ta ja shi har goshi. "Tashi ka je, rana na yi. Ka wanke hannu kafin ka gaisa da mutane."

Ya haƙa ramin da fartanya, ƙasar ta yi tauri, gumi ya jiƙa wuyan shaddar. Da ya juye faifan, warin man shanu ya taso masa. Ya tsaya da fartanyar a hannu har Hussaini, ɗaya daga cikin tagwayen, ya leƙo yana ce masa ango ba ya noma ranar aurensa.

Da la'asar motoci uku suka iso. Matan Gumel suka sauko da leshi da turare da wayoyi, kamar yadda ya hango. Aka yi guɗa, aka shigar da amarya. Sajo yana zaune da abokai a wata rumfa da ke jingine da bukkar Inna, zana ɗaya ce tsakani, yana jin komai. Babu wadda ta ja hanci. Suna ta yaba fura, wata har tana roƙon a sayar mata da man shanu na gaske ta tafi da shi, wai na birni duk haɗi ne.

Can wata dattijuwa daga dangin amarya ta yi gyaran murya.

"To jama'a, an ce mana a nan gidan uwar ango da azurfa a ka ake gane ta. Tun a mota nake ɗokin gani. Ga ku nan duk da kallabi. Wace ce uwar angon?"

Sai muryar Tayyiba, ƙasa-ƙasa: "Ga ta nan, Hajiya. Ta jikin gado."

"Ikon Allah. Ina azurfar, Inna?"

"Tsufa ne, Hajiya," in ji Inna. "Kan ya daina ɗauka."

Aka yi dariya, aka ce Allah ya ƙara lafiya, aka koma maganar gara. Wani aboki ya dafa kafaɗar Sajo yana tambayarsa ko ango ya fara kewar gida ne, ya yi shiru haka. Sajo ya gyaɗa kai kawai.

Washegari da safe ya shiga gaishe ta. Ta riga ta mayar da sulallan cikin tsummansu, tana ƙulle bakin da haƙori. Ta ɗaga ƙananan ƙoren ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye ƙullin a ƙasan babbar, ta mayar da su ta rufe da faifai. Ba ta da sauran ɗa namiji da za a kawo wa amarya. A gefen gado ga kwanon man da ya kawo daga Gagarawa shekaranjiya, ko rabi ba a taɓa ba.

"Ɗauki wannan ka kai wa baƙuwar da ta roƙa jiya, kafin motarsu ta tashi," ta ce. "Ni ɗan kaɗan ya ishe ni yanzu."